Yadda ake sa OpenWrt ya karɓi rautar da bai sani ba

A Sakkwato yau rauta, na'urar da ke rarraba intanet ta wayafai, ta shiga shago, ta shiga ofis, ta shiga ɗakunan ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Matsalar ita ce kamfanonin da ke ƙera ta kan daina sabunta manhajar cikinta bayan 'yan shekaru, alhali na'urar lafiyarta lau. OpenWrt, manhajar da aka gina kan Linux tun 2004 bayan kamfanin Linksys ya saki lambobin manhajar rautarsa WRT54G, kan ba irin wannan na'ura sabuwar rayuwa. Idan taka ba ta cikin jerin waɗanda ya sani, kai ma za ka iya shigar da ita. Yawancin aikin ba rubuta manhaja ba ne, bayyana wa Linux abin da ke cikin na'urar ne.

Da farko kwance rautar ka karanta rubutun da ke kan babban aisi (IC), wato ƙwaƙwalwar na'urar da ke kan fanel ɗin ciki. In ka ga MediaTek MT7621 ko MT7628, ko Qualcomm Atheros irin QCA9531, ka taki sa'a, domin an riga an yi musu hanya. In Broadcom ne, shawarata ka haƙura, wayafai ɗinsa ba ya samun cikakken tallafi. Haka galibin ƙananan MiFi na aljihu. Duba ma'adana kuma: megabait 4 na filash (inda manhajar ke zaune) da 32 na RAM sun daina isa tun bayan fitowar OpenWrt 19.07, ka nemi mai 16 da 128. Lokacin hunturu, taɓa ƙarfe kafin ka taɓa fanel, don bushewar iska na tara wuta a jiki.

Sai ka nemo ƙofar siriyal, wadda ta nan rautar ke magana da kwamfuta kai tsaye. Ramuka ne uku ko huɗu a jere a kan fanel: GND, TX, RX, wani lokaci da VCC. Da mita za ka tantance su, kuma in hannunka bai saba da dalma ba, mai gyaran waya zai liƙa maka ƙafafu cikin minti kaɗan. Haɗa da adaftar USB mai aisin CP2102 ko CH340 a kan 3.3V, GND zuwa GND, TX zuwa RX, RX zuwa TX. Kada ka haɗa VCC ko kusa. Gudun da aka fi amfani da shi 115200 ne, amma tsofaffin na'urorin MediaTek da yawa 57600 suke so. Kunna rautar, ka kwafe duk abin da ta rubuto a allon kwamfutarka ka adana. A ciki za ka ga girman RAM, irin filash, da yadda aka rarraba shi.

Nan ne nake roƙonka, ɗan'uwa, ka tsaya. Kada ka rubuta ko ɗigo a filash sai ka kwafe shi gaba ɗaya. Umarnin cat /proc/mtd zai nuna maka sassan, sai ka kwashe kowane da umarnin dd. Akwai wani ɗan sashe da ake kira factory a MediaTek, ko art a Atheros, inda masana'anta ta ajiye ma'aunin rediyon wannan na'ura ita kaɗai, galibi tare da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidarta a kan netwok. Ba a saukar da shi daga intanet, kuma na wata rauta ba zai zauna mata daidai ba. In ya goge, wayafai zai raunana ko ya mutu. Idan manhajar asali ta hana ka shiga, karanta aisin filash ɗin kai tsaye da na'urar karanta filash ta CH341A da matsewarta, amma auna wutar da take fitarwa tukuna, domin wasu na tura 5V ga aisin da ke son 3.3V. Ajiye kwafin a wuri biyu.

Yanzu koma kwamfuta mai Linux. Sauko da lambobin OpenWrt ta git, ka gudanar da ./scripts/feeds update -a sannan ./scripts/feeds install -a. In taka mai aisin MediaTek ce, a cikin target/linux/ramips/dts nemi na'urar da ta fi kama da taka, ka kwafi fayil ɗinta na DTS, wanda ke bayyana wa Linux abin da ke cikin na'ura, ka sauya suna. A nan za ka rubuta sassan filash daidai da abin da siriyal ya nuna, da lambobin GPIO, wato ƙafafun aisi da aka jona wa fitilu da maɓallan, da inda za a ɗauko MAC. Sa read-only a kan sashen U-Boot, ƙaramar manhajar da ke fara tayar da rautar, da na factory. Ƙara bayanin na'urar a image/mt76x8.mk ko mt7621.mk, ka gyara 02_network don a san ramin WAN (na shigowar intanet) da na LAN (na kwamfutocin gida). Zaɓe ta a make menuconfig, ka kunna ramdisk don a samar da initramfs, wato manhajar da ke gudana a RAM ba tare da taɓa filash ba, sai make. Ginin farko na cin lokaci da data, don haka ka yi shi da dare.

Gwajin farko a RAM ake yi. Ɗora fayil ɗin initramfs ta TFTP, hanyar tura fayil daga kwamfuta zuwa rautar ta wayar netwok. A U-Boot na MediaTek, lamba 1 na loda shi a RAM kawai, lamba 2 kuwa na rubutawa a filash, saboda haka kalli yatsarka da kyau. In abu ya cije, kashe ka kunna, rautar za ta dawo yadda take. Gwada kowane rami, kowace fitila, maɓallin riset, da wayafai, ka tabbata MAC ta yi daidai da ta jikin sitika. In mai sim ce, duba ko Linux ya ga modem ɗin. Za ka maimaita wannan zagaye sau da yawa, kuma a nan aikin yake.

Sai komai ya tsaya daram za ka rubuta fayil ɗin sysupgrade, wanda make ya samar, a filash. Jona rautar a inbata ko batirin sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya sumar da ita. Da ta tashi, za ka same ta a 192.168.1.1.

Daga nan tura gyaranka ga OpenWrt ta GitHub. Suna buƙatar layin Signed-off-by da sunanka na gaskiya, da bayanin aisi, RAM, filash, gudun siriyal, yadda ake ɗora manhajar, da yadda ake komawa ta asali. Masu dubawa za su iya dawo maka da shi don gyara, ka amsa musu ɗaya bayan ɗaya ka sake turawa.