Kitse, ƙoda da ciwon gawut: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Yurik asid saura ne na sinadarin furin, wanda jiki ke haɗawa da kansa kuma yake samu daga abinci. Kusan kashi biyu cikin uku nasa ƙoda ke fitarwa ta fitsari, ragowar ya bi ta hanji. Idan ya haura miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, yana iya daskarewa kamar ƙananan allurai a cikin gaɓa, galibi a gindin babban yatsan ƙafa, ya jawo kumburi da zafin da ake kira ciwon gawut. Kusan 9 cikin 10 na masu gawut, matsalarsu ita ce ƙoda ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Kitse ba ya haifar da yurik asid, amma yana iya tare masa hanyar fita, kuma rashin fahimtar wannan ne tushen yawancin kurakuran.

Da yawa suna zaton furin a cikin maiƙo yake. Tataccen mai ba shi da furin. A tsoka yake, da hanta, da ƙoda, da sauran kayan ciki, da wasu kifaye irin su sardin. Wanda ya yanke kitsen nama ya ci tsoka ninki biyu bai rage komai ba. Haka wanda ya kwashe man da ya taso a saman romo ya shanye ruwan, domin furin yana narkewa ya shiga ruwan dahuwa. Yawan naman ake ragewa, romon kuma a bar shi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne saurin rage ƙiba ta hanyar yanke sitaci gaba ɗaya a koma cin mai, ko zama da yunwa kwana da kwanaki. Idan sitaci ya ƙare, hanta tana ƙona kitse ta saki sinadaran kiton cikin jini. A farkon bututun tace fitsari na ƙoda akwai wata ƙofa da ake kira URAT1, aikinta musanya: ta tura kiton cikin fitsari, ta dawo da yurik asid cikin jini a madadinsa. Kiton ya yi yawa, yurik asid ya hau, musamman a makonnin farko. Ga shi fitsari yana ƙara tsami a wannan yanayi, kuma tsakuwar yurik asid ta fi haɗuwa idan ma'aunin tsami (pH) na fitsari ya yi ƙasa da 5.5. Barasa ma ta wannan ƙofar take yin ɓarnarta, ta hanyar laktet, wani asid da ke ƙaruwa a jini idan an sha ta. Rage ƙiba yana da amfani ƙwarai ga mai gawut, sai dai a hankali: rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, da sitaci daidai gwargwado a kowane abinci, da ruwa kusan lita 2 a rana idan likita bai taƙaita shi ba saboda ƙoda ko zuciya.

Wasu kuma sai su guji mai, su cike gurbinsa da zaƙi. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace suna ɗauke da sukarin furuktos, wanda sarrafa shi a hanta ke cinye makamashin ƙwayoyin halitta ya bar yurik asid. Bugu da ƙari, tumbi da yawan zaƙi suna sa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya yawaita a jini, shi kuma insulin yana sa ƙoda ta riƙe yurik asid. Abin da ya dace shi ne sauya irin man: a rage mai daskarewa na dabba, a koma man zaitun da sauran man tsirrai. Madara da yogot marasa maiƙo sosai suna taimakawa. Wani bincike da aka buga a 2004, wanda ya bi maza fiye da 47,000 tsawon shekara 12 a Amurka, ya nuna masu shan su sun fi samun kariya daga gawut.

Cin abinci mai maiƙo da yawa a zama ɗaya yana iya tayar da ciwon, domin wasu asid ɗin kitse suna haɗuwa da daskararren yurik asid su zuga kumburi. Ƙwayar man kifi kuwa ba ta da furin irin na tsokar kifin, amma ba ta sauke yurik asid, don haka kada a ɗauke ta magani.

Masu kitse a jini su lura da magungunansu. Niyasin yana ɗaga yurik asid, fenofibret yana sauke shi. Magungunan sa fitsari na hawan jini da ƙaramin asfirin su ma suna ɗaga shi. Kada a daina kowanne da ka. A kai wa likita duk abin da ake sha ya duba.

Gyaran abinci kaɗai da wuya ya sauke fiye da miligiram 1. Wanda gwajinsa ya nuna 9 kuma ciwon yana dawowa, magani yake bukata, domin burin shi ne ƙasa da 6. Akan fara alofurinol, maganin sauke yurik asid, da miligiram 100 ko ƙasa da haka a rana, a riƙa ƙarawa duk bayan 'yan makonni bisa gwaji, tare da maganin hana kumburi kamar kolcisin na wata 3 zuwa 6. Ciwon na iya tashi a farkon shan maganin, wannan ba dalilin dainawa ba ne. Idan ƙuraje suka fito a fata kuwa, a daina maganin nan take a ga likita. Gwajin jini ana tsaka da ciwo yakan nuna adadi ƙasa da gaskiya, saboda haka a maimaita shi bayan mako 2 zuwa 4 da lafawar kumburin.