Ciwon kafaɗa na bosaitis: kurakuran da muke ta yi wajen magani

Ni dai sai da na shafe sati uku ina rungume da hannuna na dama kamar jariri kafin na gane ni nake ƙara wa kaina ciwo. Akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa-ruwa a cikin kafaɗa, tana tsakanin ƙashin da ya rufe kafaɗar ta sama da jijiyoyin tsokoki huɗun nan masu juya hannu, aikinta kawai ta hana su gogar juna. In ta kumbura shi ne bosaitis. Wurin sai ya matse, kana ɗaga hannu ta gefe ya kai kamar digiri 60 zuwa 120 sai ka ji kamar an caka maka tsinke, in ka wuce nan ya ɗan lafa. Saka riga ya zama aiki, da daddare kuwa ka kuskura ka juya ka danne ta, to barci ya ƙare.

To wannan rungume hannun shi ne babban kuskure. An ce ka huta, eh, amma hutun da ake nufi ka daina ɗaga abu sama da kai, ka daina ɗaukan kaya masu nauyi, ka bar aikin da ya jawo ciwon na ɗan lokaci. Ba wai ka rataye hannu a wuya sati da sati ba. Kafaɗar da ba a motsa ta sanƙarewa take yi, kuma sanƙararriyar kafaɗa tana iya cin wata da watanni ko fiye da shekara kafin ta saki, masu ciwon suga ma sun fi saurin faɗawa ciki. Abin da mai fisiyo, wato ƙwararren da ke magani ta hanyar motsa gaɓoɓi, ya fara koya min abu ne kamar wasa: ka dafa tebur da lafiyayyen hannun, ka sunkuya, ka saki mai ciwon yana lilo yana zana ɗan da'ira a iska. Daga nan sai hawan bango da yatsu, kullum ka ɗan wuce inda ka tsaya jiya. Ɗan zafi kaɗan ba komai, amma in ka kwana tana maka zogi to ka zarce, rage.

Akwai kuma masu cewa a murza ta da ƙarfi ko a fizgi hannun "ya koma wurinsa". Ba gocewa ta yi ba fa, kumburi ne. A kwanakin farko ƙanƙara a cikin tawul minti 15 zuwa 20 ta fi wannan murzar amfani, kada dai ka ɗora ta kai tsaye a fata.

Sai ƙwayoyi. Ibuprofen, diclofenac, naproxen duk gida ɗaya ne, amma za ka ga mutum ya haɗa biyu yana sha wata guda cur da cikinsa wayam, wai ciwon ya ƙi ji. Olsa da matsalar ƙoda ke nan yake saye. Ɗaya ake sha, bayan an ci abinci, na kwanaki kaɗan, kuma in kana da olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini ko kina da juna biyu sai likita ya ce to.

Allurar sitiyarod, wato maganin kwantar da kumburi, a kafaɗa tana aiki, gaskiya, mutum zai ji kamar an zare masa ƙaya. Matsalar ita ce da zafin ya tafi sai a jefar da atisaye a koma aiki gadan-gadan, bayan wata biyu ciwo ya dawo a ce a sake yi. Ita allurar, dama ce ta ba ka ka yi atisaye ba zafi. Yawan maimaita ta yana raunana jijiya, tana kuma ɗaga suga na 'yan kwanaki. Kuma in wurin ya yi ja ya ɗau zafi ga zazzaɓi, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga, asibiti a ranar, a zuƙe ruwan a gwada a ba da antibayotik, sitiyarod ba ta shiga nan sam.

Tiyata kuwa, nan ne mutane suka fi gaggawa. Ana yin ta da 'yar kyamara ta ƙananan huji, a cire jakar da ta kumbura, wani lokaci a ɗan kankare ƙashin sama don wuri ya buɗe. A 2018 an fitar da sakamakon manyan bincike biyu, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Finlan, an raba marasa lafiya, wasu an kankare musu ƙashin, wasu an saka kyamarar kawai an leƙa an rufe ba tare da sun san wanne aka yi musu ba, kuma kusan sauƙi iri ɗaya suka samu. Shi ya sa yawancin likitocin ƙashi sai ka yi wata uku zuwa shida na fisiyo da gaske kafin su kawo maganar wuƙa, sai dai in sikanin ko MRI, hoton da ke nuna tsoka da jijiya, ya nuna jijiya ta yage, musamman bayan faɗuwa, hannu ya ƙi ɗaguwa kwata-kwata. Eksire ba ya nuna jakar, ƙashi yake nunawa, kada "hoto ya fito lafiya" ya ruɗe ka. Wanda aka yi wa tiyatar ma atisayen nan da ya gudu yana nan yana jiransa.

Na kusa mantawa, ciwon kafaɗa ko hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji, gumi ko numfashi sama-sama, kada ka tsaya neman ƙanƙara. Zuciya ce ake zargi, a wuce asibiti nan take.