Yadda ake cire bayan hoto a ɗora masa rubutu da GIMP

Dukawan Sakkwato da ke tallan takalma da jakunkunan fata a WhatsApp sun fi son kayan su fito su kaɗai a hoto, ba tabarma, ba bangon shago, ga kuma sunan shago da farashi a ƙasa. Manhajar GIMP kyauta ce, kuma ta isa ta yi wannan aiki a kwamfuta.

Tun wajen ɗaukar hoton ake rage wahala. Ɗora takalmin a kan farin kwali ko farin yadi marar zane, a inuwa mai haske. Jar fata a kan jar darduma ba ta ciruwa da daɗi.

Buɗe hoton a GIMP, ka shiga Layer, sai Transparency, ka danna Add Alpha Channel. Idan ka tsallake wannan, duk inda ka goge farin fenti ne zai maye gurbinsa. Daga nan danna harafin U, wato Fuzzy Select, ka taɓa farin da ke bayan takalmin. Za ka ga ɗige-ɗige suna kewaya wurin da aka zaɓa. Inda ya rage, kamar tsakanin igiyoyin takalmi, riƙe Shift ka taɓa shi ma. Idan zaɓin ya ci gefen fatar, rage Threshold, wato ma'aunin yawan launin da zaɓin ke kamawa, wanda ke cikin Tool Options, daga 15 da yake zuwa da shi. Idan ya bar ragowar fari, ƙara. Ni dai nakan shiga Select, in danna Grow in sa 1, don kada farin zare ya zagaye bakin takalmin. Sai Delete. Ƙananan murabba'ai masu ruwan toka da suka bayyana su ne shaidar cewa bayan ya tafi, kuma ba za su fito a hoton ba. Saki zaɓin da Select, None.

Rubutu kuma, danna T, ka ja akwati inda kake so, ka rubuta. A nan ake yawan kunyata Hausa. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka rubuta "ƙwarai" ka ga ƙ ɗin ya bambanta da 'yan uwansa, ko ya zama ɗan akwati. Noto Sans da Andika suna da su duka. Tunda ba ka san launin da za a ɗora hoton a kai ba, sa wa rubutun inuwa ta Filters, Light and Shadow, Drop Shadow, don farin rubutu kada ya ɓace a kan fari.

Ajiye aikin da Save domin gyaran farashi gobe; wannan fayil nau'in XCF ne, GIMP ce ke buɗe shi. Wanda za ka raba kuwa, shiga File, Export As, sunan ya ƙare da .png. JPG ba ya riƙe bayan da aka cire, cike shi yake yi.

Idan za ka tura wa mai buga bana ko sitika ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document. In ka tura shi yadda ake tura hotunan biki, manhajar za ta matse shi, ya isa can da baƙi ko fari a baya.