Sayen Ƙaramin Babur na Farko don Rage Kuɗin Mai

Mai zuwa wurin aiki da mota shi kaɗai yana ƙona mai ne wajen jan ƙarfen da ya kai tan ɗaya, don a kai jikinsa da bai wuce kilo 70 ko 80 ba. Ƙaramin babur kuwa nauyinsa kilo 100 zuwa 125 ne. Shi ya sa ƙaramar mota ke cin kilomita 10 zuwa 15 a kan lita ɗaya cikin gari, babur mai ƙaramin inji kuma ya ci 40 zuwa 55. Amma wannan riba ba ta zuwa hannun kowa. Wani ya sayi babur, bakanike ya cinye abin da ya rage daga gidan mai.

Fara da lissafi

Samo biro da takarda. Za mu yi lissafin da lita maimakon kuɗi, domin farashin mai yana hawa da sauka, lita kuwa tana nan yadda take.

A ce tsakanin gidanka da wurin aiki kilomita 15 ne. Zuwa da dawowa 30 ke nan. Idan kana fita kwana 26 a wata, ka yi kilomita 780. Mota mai cin 12 a lita za ta sha lita 65. Babur mai cin 45 zai sha kusan 17. An rage 48 a wata, wato 576 a shekara.

Kada ka yi saurin murna da 576 ɗin. A shekara za ka yi tafiyar kilomita 9,360. Cikin wannan tafiya za ka juye baƙin mai sau uku ko huɗu, wataƙila ka sauya tayar baya, ga fulogi, ga faci, ga sabunta takardu da inshora. Tambayi kuɗin kowanne, ka raba shi da kuɗin lita ɗaya, ka ga lita nawa ya kama, ka cire. A ce bayan haka lita 40 ta saura maka a wata. Idan babur da hular kwano da takardu sun ci kuɗin lita 800, sai ka yi wata 20 kafin babur ya mayar da kuɗinsa. In da bashi za ka saya, haɗa har da abin da za a ɗora maka a kai. Wanda motar haya yake hawa, sai ya raba kuɗin motarsa na wata da kuɗin lita ɗaya, ya sa abin da ya samu a gurbin lita 65 ɗin nan.

Idan tafiyarka ba ta wuce kilomita biyu ko uku ba, shawararmu ka tsaya ga keke. Gajeriyar tafiya ba ta barin inji ya yi zafi sosai, danshi ya taru a cikin baƙin mai, batir ma bai samu caji ba an kashe.

Wane iri?

Ana auna girman inji da cc. Don zirga-zirgar aiki, 100 zuwa 125 ya wadatar. Mai 50 yana shan wuya a hawa, motoci su riƙa matsa maka lamba a baya. Daga 200 zuwa sama kuma, ƙarfin da ba ka bukata kake saya, da nauyin da zai wahalar da sabon direba.

Nemi inji mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke zaune a ƙasan inji, ba ya haɗuwa da fetur. Mai bugu biyu, wanda ake gane shi da shuɗin hayaƙi da ƙara mai tsini, yana ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma wani sashe na fetur ɗin yana fita ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Yana da zafin tashi, amma ba na mai tattali ba ne.

Ta fuskar giya iri uku ne. Mai kuloci a hannun hagu ya fi wuyar koyo, sai dai ya fi jure kaya da hanya maras kyau. Roba-roba ana sa masa giya da ƙafa ba tare da kama kuloci ba, ba shi da nauyi, kuma yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin shan mai. Asalin irinsa shi ne Honda Super Cub da ya fito a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Na uku sikuta, mai aiki da bel, murɗa totur kawai ake yi. Tayoyinsa ƙanana ne, yawanci inci 10 zuwa 14, suna faɗawa ramin da taya mai inci 17 za ta haye.

Hau ka zauna. In ƙafafunka biyu ba su taɓa ƙasa da kyau ba, bar shi komai kyansa. Sannan kafin ka yanke shawara, je wurin bakanike biyu ko uku ka tambaye su wane babur ne kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Babur ɗin da zai yi mako uku a ajiye ana jiran kaya, kuɗin motar makonni ukun nan a kanka yake.

Duba na hannu

Sabo yana zuwa da garanti da littafinsa, ba shi da ɓoyayyen tarihi. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Na hannu ya fi araha, amma fa ba girin-girin ba, ta yi mai: sabon fenti da wankakken inji ba sa gaya maka komai. Tafi da bakaniken da ka yarda da shi, da rana tsaka, kuma ka ce kada a tayar da injin kafin ka iso.

Fara da ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an tayar, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye laifinsa. Lafiyayyen inji yana tashi a kik ɗaya zuwa uku ko da ya kwana. Idan ƙafarka ta tafi da kik ɗin sakwaf ba tare da turjiya ba, matsin cikin inji ya ragu, ringi ko bawul sun ci.

Da ya tashi, koma baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi a inji mai bugu huɗu yana nufin baƙin mai na shiga inda fetur ke ƙonewa, aikin buɗe inji ke nan. Baƙin hayaƙi, fetur ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, galibi daga kafireta ko matatar iska, kuma gyaransa ba shi da tsada. Farin tururi da sanyin safiya da ke ɓacewa bayan minti biyu ba komai ba ne. Kasa kunne: ɗan kas-kas a saman inji yawanci saitin bawul ne, amma bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ƙwal-ƙwal, wanda ke ƙaruwa in an murɗa totur, wannan ka yi sallama da mai babur.

Kashe inji, zaro ma'aunin baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Murza shi tsakanin yatsu. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe alama ce inji na cin kansa. A kwance fulogi ma a gani: ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya, baƙin toka yawan fetur, jiƙe da mai kuwa ya gaskata shuɗin hayaƙin.

Tsayar da babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, wani ya danna baya har tayar gaba ta tashi. Juya kan babur hagu da dama a hankali. In yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya lalace. Girgiza kowace taya gefe da gefe, bai kamata ta yi wasa ba. Shafa sandunan shok na gaba, kada ka ji mai. Dubi faifan da sarƙa ke hawa a baya: haƙoransa in sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙaya, shi da sarƙa da ƙaramin faifan gaba duk sauyawa za a yi, a tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa.

A gefen taya akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida robarta ta fara bushewa, tana santsi a jiƙaƙƙiyar hanya ko da zanenta bai cinye ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne ƙashin babur. Tsaya a bayansa ka hango ko tayar baya da ta gaba suna kan layi ɗaya. Leƙa ƙarƙashin tanki da wuya ka nemi sabuwar walda ko fentin da ya bambanta. Babur ɗin da ya taɓa karo har ƙashinsa ya karkace zai riƙa ja gefe ɗaya yana cin taya, kuma da wuya ya miƙe yadda yake a da. Mitar kilomita kuwa kada ka dogara da ita, ana iya cire wayarta. Robar matakin ƙafa da ta maƙamar hannu sun fi ta faɗin gaskiya.

In za a yi gwaji a kan hanya, wanda ya iya tuƙi ya yi. A bi giya duka ɗaya bayan ɗaya. In an murɗa totur a giyar ƙarshe inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa.

Takardu

Kowane babur yana da lambar jiki da aka buga, yawanci a wuyansa, da lambar inji a gefen inji. Karanta su harafi bayan harafi, ka gwada da na takarda. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ko mai sayarwa da sunansa ya saba da na takarda ba tare da shaidar cinikin baya ba, kada ka biya ko sisi. Wanda aka kama da kayan sata ya yi asarar babur da kuɗi, ga shari'a. A rubuta takardar ciniki da lambobin biyu, da kwanan wata, da sa hannun shaidu. Dokar lasisi da rajista da inshora ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka tambayi hukumar da ke kula da hanya a inda kake kafin ka hau titi.

Hula da koyo

Hular kwano cikin kuɗin babur take. Bincike ya nuna tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Nemi mai rufe haɓa, mai tambarin gwaji irin su ECE ko DOT. Ta kama kai ba tare da ta yi ciwo ba, kuma a ɗaure igiyarta, yatsa biyu kawai su shiga ƙarƙashin haɓa. Hular da ta taɓa bugun ƙasa da kai a ciki ta gama aiki, domin farin soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Saboda haka ba a sayen ta hannu. Ƙara da takalmi rufaffe da safar hannu.

Koyi tuƙi a fili, nesa da motoci, har sai tashi da tsayawa da kwana sun zama jiki. Sababbin direbobi suna tsoron birkin gaba, alhali shi ke yin kusan kashi 70 na aikin tsayawa. Matsa shi a hankali kana ƙarawa, tare da na baya. Fizgarsa lokaci ɗaya, musamman a kan yashi ko cikin kwana, ita ke kayar da mutum. Ka riƙe wannan kuma: gudu in ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka sau huɗu.

Kula da shi don kada ribar ta zube

Sabon inji a bi shi a hankali cikin kilomita 500 zuwa 1,000 na farko, kada a ƙure totur, sannan a juye baƙin mai, domin na farko yana kwaso garin ƙarfe. Daga nan kowane kilomita 2,000 zuwa 3,000, ko abin da littafin babur ya ce. Irin waɗannan injina suna ɗaukar kusan lita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Cikawa fiye da alama ma illa ce. A babur mai giya, kuloci yana cikin baƙin man ne, kuma wasu mayukan mota suna sa shi zamewa. Duba galan ɗin ka ga an rubuta JASO MA.

Auna iskar taya kowane mako kafin ka fita, tun tayar na da sanyi. Adadin yana rubuce a littafi ko a wata takarda da aka manna kusa da sarƙa, yawanci tsakanin 25 da 33 a gejin mai faci, ta baya ta fi ta gaba. Taya maras iska tana jan babur baya, mai ya tafi a banza. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. In ta yi sako-sako za ta iya zamewa ta kulle taya, in ta yi tauri ta ci boris. A sa mata mai kowane kilomita 500, da kuma bayan tafiya cikin ruwa. Matatar iska in ta toshe da ƙura, kafireta sai ta riƙa zuƙo fetur fiye da kima. Ta soso ana wanke ta a shafa mata ɗan mai, ta takarda sauya ta ake yi.

Hannun direba ma yana shan mai. Gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa a giyar ƙarshe shi ne inda ƙaramin inji ya fi tattali. Fizgar totur daga tsaye, da wasa da shi a cunkoso, da ɗora ƙafa a kan birkin baya ana tafiya, duk suna rage kilomitar da lita ke ba ka.

Ga yadda za ka san gaskiyar abin da babur ɗinka ke sha. Cika tanki har wuya, rubuta lambar mita. Yi zirga-zirgarka ta kwana huɗu ko biyar, ka koma ka sake cikawa har wuya. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In ka yi 180 aka zuba lita 4, babur na cin 45. Maimaita haka sau ɗaya a wata, ka rubuta a shafi ɗaya da ranar juye mai. Ranar da 45 ta sauko 38, fara da abin da ba ya cin kuɗi: auna taya, juya tayoyin biyu da hannu ka ji ko birki na kamawa, shinshina ƙarƙashin kafireta da tiyon mai ko akwai yoyo. Sai matatar iska da fulogi. In duk waɗannan lafiya suke, sannan a kai wa bakanike ya duba saitin kafireta da bawul.