Kwamfutar tebur ko laftof: kurakuran da aka fi yi wajen sauya ta gida

Babban kuskuren tun kafin a je wurin saye ake tafka shi. Mutum zai zauna yana hango kansa yana aiki a kan gado, yana tafiya da kwamfuta a jaka, yana rubutu a falo da yamma, sai ya sayi laftof. Ni ma haka na yi. Tawa ta shekara huɗu a kan tebur ɗaya, jone da caja dare da rana, ba na jin ta bar ɗakin sau biyar. Wata safiya na lura murfin ba ya rufuwa sosai, wurin goga yatsa kuma ya ɗan taso kamar ana turo shi daga ƙasa. Ashe batir ne ya kumbura. Na biya kuɗin sauƙin ɗauka da ban mora ba, na kuma biya kuɗin sabon batir.

Maganin wannan ba wuya. Ka tambayi kanka sau nawa tsohuwar ta motsa daga inda take a wata shida da suka wuce, ko sau nawa ka so ɗaukarta ka kasa. Idan amsar ba ta kai a ƙirga ba, ta tebur ce taka. Idan kuma laftof ɗin ka zaɓa kuma za ta fi zama a jone, ka duba saitin da kamfanoni da yawa ke sakawa na tsayar da caji a kashi 80 cikin 100. Batirin lithium ba ya son zama a cike cikin zafi.

Masu sayen ta tebur su ma suna da nasu. Sukan kwatanta kuɗin akwatin kaɗai da kuɗin laftof, su ce sun sami rahusa. Sai an kawo gida a tuna babu sikirin, babu kibod, babu kyamarar kiran bidiyo, babu sifika, wata ma ba ta kama Wi-Fi sai an ƙara mata na'ura. In kana inda wuta ke ɗaukewa, ga kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke, domin ita ta tebur da zarar wuta ta tafi ta mutu, abin da ba ka adana ba ya bi ruwa. Ka haɗa lissafin duka kafin ka yanke. In sikirin da kibod na tsohuwar suna da lafiya, to a nan ne rahusar ta gaskiya take.

Inda aka fi ruɗar mutane shi ne sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aikin kwamfuta. Ka ga Core i7 a jikin laftof, ka ga Core i7 a jikin ta tebur, ka ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba haka ba ne. Wanda lambarsa ta ƙare da harafin U an ƙera shi ne ya ci wuta wajen wat 15, don batir ya daɗe kuma siririyar kwamfuta kada ta yi zafi. Na tebur yakan fara daga wat 65, yana da babbar fanka da fili na shan iska. Haka katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa abin da ake gani a sikirin: RTX 4090 na tebur yana jan wat 450, mai suna iri ɗaya na laftof ba ya wuce 175, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Laftof in ta ɗauki zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa za ka ga ta fara haɗa bidiyo da karsashi, bayan minti goma fanka na ihu aiki na jan ƙafa. Ga mai rubutu, lilo a intanet da kallon bidiyo, wannan bambancin bai dame shi ba. Mai tace bidiyo ko wasannin kwamfuta masu nauyi ne ya kamata ya karanta lambar har harafinta na ƙarshe.

Sai maganar "zan ƙara daga baya". A kwamfutar tebur gaskiya ce: ka kwance sukurori biyu, ka buɗe gefe, ka soka RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko ka sauya katin hoto. A laftof da yawa, musamman sirara, RAM ɗin a liƙe yake da allon ciki, babu ramin ƙari. Kwamfutocin Apple masu furosesan M1 da aka fara fitarwa a 2020, da waɗanda suka biyo baya, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe. Ka tambaya kafin ka biya ko akwai ramin ƙari. In babu, ni dai ba zan sayi mai ƙasa da GB 16 ba. GB 8 yana aiki yau, amma kwamfutar gida ana so ta kai shekara biyar ko fiye.

Wani lokaci ma sayen ne kuskuren. Kwamfutar da ke ɗaukar minti uku kafin ta tashi sau da yawa tsohon faifan ajiya mai juyawa ne matsalarta. A sa mata SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, sai ka rantse sabuwa ce. Amma a duba wani abu tukuna: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Wannan ya shafi masu sayen ta hannu sosai. Za ka iya samun mai kyan gani, ba ƙwarzane ko ɗaya, amma furosesanta na ƙarni na 6 ne, bai cika sharaɗin Windows 11 ba.

Wuya da baya ma suna da hakki. Sikirin da kibod na laftof a haɗe suke, in ka ɗaga ɗaya daidai ido ɗayan ya fi ƙarfin hannu. Wanda zai yi awa shida a gabanta ya sayi sikirin na daban da kibod, ya jona idan yana gida, ya zare idan zai fita. Wanda kuma ƙarancin wuri ne ya hana shi ta tebur, akwai ƙananan akwatuna da ba su fi tafin hannu biyu ba, wasu ma a bayan sikirin ake maƙala su. Mai haɗe da sikirin a jiki ɗaya tana da kyan gani, sai dai in sikirin ya lalace duka kwamfutar ce za ta tafi wurin mai gyara.

Kada ka rabu da tsohuwar a ranar da sabuwa ta iso. Ka kwashe hotuna da takardu, ka buɗe wasu a sabuwar ka tabbata suna buɗuwa, ka jira mako biyu, domin sai a lokacin ake tuna kalmar sirrin da ke cikin burauza ko wata manhajar da lasisinta ke can. Goge fayil da zubar da kwandon shara ba ya cire shi daga faifai, mai manhajar dawo da fayil zai iya tono shi. Ka yi amfani da zaɓin mayar da kwamfuta sabuwa mai share faifan gaba ɗaya, ko ka zare faifan ka ajiye a aljihun tebur kafin ka miƙa wa wani akwatin.