Haɗa filaye biyu don gina gidajen haya a Gombe: inda ake ta faɗawa rami

Duk wata sai wani ya zo min da zanen bene a wayarsa, yana cewa ya samu filaye biyu maƙwabtan juna a Tumfure ko Malam Inna, zai haɗe su ya yi ɗakunan haya. Idan na tambaye shi takardu, sai ya fara sosa ƙeya. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure, wanda ni kaina ya ci min kuɗi, shi ne sayen fili ɗaya da fatan na kusa da shi zai zo daga baya. Na sayi na farko, mai faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari, sannan bakina ya ƙi shiru, na gaya wa dillali abin da nake shiryawa. Kafin sati, masu na biyun sun san ba ni da mafita sai su, farashi ya kusa ninkawa. Na cije na biya. Ashe filin gado ne, babban wa ne kaɗai ya sa hannu. Muna kan fandisho wata ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta iso, ta ce ba ta sayar da kasonta ba, kuma gaskiyarta ce. Wata goma sha ɗaya muna zaryar kotu, bulon da na buga yana zaune ciyawa na fitowa a tsakaninsa. Yanzu ba na ba da ko sisi sai na ga takardar rabon gado, magada duka sun sa hannu, mata kafin maza ma, kuma a rana ɗaya nake biyan filayen biyu. In ɗaya ya ƙi, na haƙura da duka.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don masu ilimi ne ke yin sa. Mutum ya rushe katangar tsakiya ya ɗauka filaye sun zama ɗaya. Malam, a wurin hukuma har yanzu biyu ne! Tun Dokar Filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, kai haƙƙin zama aka ba ka, kuma takardarka ta faɗi abin da aka ba ka filin ka yi. Sayarwa ko jingina sai da amincewar gwamna. Ka je GOGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Gombe, a duba maka fayil ɗin kowane fili, ka nemi a haɗe su a takarda ɗaya, in tsarin unguwar na gida ɗaya-ɗaya ne ka nemi sauyin amfani, sannan ka kai zanenka hukumar tsara birane. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, ba za ta hana a shafa maka jan fenti a bango ba. Filin awon igiya kuwa, ka fara tabbatarwa bai hau hanya ba.

A nan ne bashi ke kashe mutane. Kar ka karɓi kuɗin banki takardu ba su fito ba, domin ruwa yana hawa tun ranar da kuɗin ya shigo, kai kuma kana zaman jiran sa hannu. Rancen asusun gidaje na ƙasa mai ruwa kashi 6 na gidan da za ka zauna ne a ciki, ba na haya ba, kar ka sa shi a lissafi. Masu gudun riba suna zuwa bankunan Musulunci irin su Jaiz ko TAJ, amma su ma sai da jingina mai takarda. Ni dai tsarina, fili da fandisho daga aljihuna, na gama ɗaki huɗu na zuba 'yan haya, kuɗinsu ya taimaka wa sauran. Wasu na cewa tafiyar hawainiya ce. To, ina barci.

Sauran ƙanana ne. Kar ka yi lissafi kamar kowane ɗaki zai cika duk shekara. Farashin siminti da rodi na ranar zane ba shi ne na ranar zuba kankaren rufin bene ba. Ka je filin da damina, Gombe gari ne na zaizayar ƙasa, kwarin da ke nesa bana yana iya zuwa gindin katangarka baɗi. Ka tambayi maƙwabta zurfin da suka haƙa kafin burtsatse ta ba da ruwa. Kuma ka bar wurin sokawe da motar kwasa za ta iya shiga, kowane ɗaki da mitarsa.