Kurakuran da ke ɓata kayan gara, da yadda Goggo ta gyara mini hannu

Shekarar da za a kai ƙanwata ɗakin miji, ni da bakina na ce a bar mini alkaki. Na sha ganin Inna tana yi, na kuma kalli na mata iri-iri a waya, sai nake ganin ai ba wani abin wuya ba ne. Ranar Lahadi aka sayo alkama kwano biyar a kasuwar Gujungu, ɗaurin aure kuma Juma'a. Ranar Laraba da hantsi na jefa na farko a kasko, kafin in ɗauko na biyu ya watse a cikin mai kamar an zuba tsaki. Goggo, yayar Baba, tana kan tabarma tana jan carbi. Ko motsi ba ta yi ba ta ce, “Ke, miƙo mini kwaɓin nan.” Ta gutsura, ta murza a yatsu, ta shinshina, sannan ta dube ni ta ce, “Wannan bai kwana ba, bai kuma ga turmi ba. Dangin miji za ki kai wa ko kaji?”

A wajenmu uwa ba ta buɗe baki ta ce wa 'yarta tana ƙaunarta, balle 'yar fari da ko sunanta ba ta faɗa. Amma je ki buɗe kwallar gara, a nan za ki ga abin da bakin ya ƙi faɗa: kwana nawa aka yi ana daka, hayaƙi nawa aka sha. Dangin miji ma abin da suke dubawa ke nan, tun kafin su ƙirga buhun shinkafa da jarkar mai. Shi ya sa ɓacin alkaki yake da ciwo fiye da kuɗin alkamar da aka yi asara.

Ɓacin yakan fara ne tun a wajen inji. Alkamar da ake nomawa a fadamun nan namu, daga Ringim har Auyo, a hunturu ake shuka ta, a girbe wajen watan Maris, kuma sau da yawa a ƙasa ake sussuke ta. Saboda haka ba ta rabuwa da tsakuwa. Ki wanke, ki rege, ki shanya ta bushe ƙarau. Alkaki mai garas-garas ba shi da magani, ko zuma kika tsoma shi. In kuma kika kai ta inji da danshi, cuɗewa za ta yi maimakon ta ɓarzu. Kada ki aiki yaro ki yi zamanki. Je ki da kanki, ko ki tura wadda ta san abin, a gaya wa mai inji ɓarzawa ake so, ba niƙa ba. In ta yi laushi kamar fulawa, alkakin zai fito da tauri, ruwan sukari ya kasa ratsa shi, a ci waje da zaƙi ciki salam. In kuma ta yi girma da yawa ba za ta kama jikinta ba. Ki kuma tambaya me aka niƙa kafin naki. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa yin alkaki mai yaji, don barkono aka gama niƙawa ta zuba tata.

Sai kwana. Wannan shi ne laifina na farko a waccan shekara, da asuba na kwaɓa, da hantsi na ce zan soya. Kwaɓin alkaki, ko da yis kika yi ko da nono mai tsami irin na iyayenmu, yana buƙatar ya kwana a rufe, tsakin ya sha ruwa ya yi laushi, ya ɗan yi tsami. Kuma da tauri ake kwaɓa shi, ba ruwa-ruwa kamar na funkaso ba. Masu amfani da yis suna yawan kashe shi da ruwan zafi. Yis abu ne mai rai, ruwan da ba za ki iya barin yatsanki a ciki ba shi ma ba zai iya zama a ciki ba. Lokaci ma yana da nasa hukunci. A bazara kwaɓin da aka yi bayan isha'i kafin gari ya waye ya kai, wani lokaci har ya zarce. A tsakiyar hunturu kuwa sai ki tarar da shi yadda kika bar shi, don haka ki lulluɓe shi da tsohon zane ki ajiye kusa da murhu, inda ɗumin toka yake.

Da safe ake kashe tsamin da kanwa, kuma a nan mata da yawa suke zamewa. Ba a daka kanwa a barbaɗa. Jiƙa ta ake yi tun dare, irin kanwar da ake kira ungurnu in an samu, a bar ƙasar ta kwanta, a tsiyayi ruwan sama kawai. Kaɗan-kaɗan za ki riƙa yayyafawa kina murzawa kina ɗanɗanawa. In ta yi kaɗan, tsami zai biyo alkakin har cikin sukari. In ta yi yawa, zai yi duhu tun bai soyu ba, ya yi ɗaci-ɗaci da wani wari kamar na sabulu. Wanda kanwa ta yi wa yawa ana iya ceto shi in akwai ragowar kwaɓin da ba a sa wa ba, sai a haɗe su. In babu, ki matsa lemun tsami kaɗan ki sake murzawa, amma kada ki sa ran zai dawo daidai sarai.

Turmi kuwa ba a yi masa wayo. Kirɓi shi yake fito da danƙon alkama, danƙon nan kuma shi yake riƙe alkaki a cikin mai. Bayan kin murza mai a jikin kwaɓin, a zuba a turmi a kirɓa har sai ya daina manne wa taɓarya. Gwajin Goggo mai sauƙi ne: ki mulmula ɗan siriri kamar igiya, ki naɗa a yatsanki. In ya tsattsage, a koma turmi. Ranar da nawa ya watse, cewa ta yi a bar shi ya ƙara wuni a rufe, da la'asar ta sa aka barbaɗa fulawa kamar tafi biyu, ta kira 'yammata uku suka yi ta kirɓi har magariba. A hasken fitila muka yi suyar, ina juyawa tana faɗa, “Rage wutar nan, ba ƙosai kike yi ba.”

Gaskiyarta. Ƙosai yana son mai mai zafi sosai, alkaki kuwa wuta tsaka-tsaki yake so don cikinsa ya soyu. Karan dawa ba abokin wannan aiki ba ne, yanzu ya tashi bal-bal, an jima ya mutu, sai ki samu wani ya ƙone wani ya sha mai. Itace mai garwashi ko gawayi ya fi. Ki fara jefa ɗan gutsure: in ya nutse ya yi shiru, man bai yi ba, in ya yi ja nan take, ya wuce. Kada kuma ki cika kasko don ki gama da wuri, yawansu yana sanyaya man, su fito lagwaf.

Ruwan sukari shi ne ƙarshen aiki, shi ne kuma yake yanke wa alkaki kwanakin da zai yi. In ya yi tsararo, alkakin zai jiƙe, kafin mako ya zagayo fumfuna ta hau shi a ɗakin amarya. In ya dahu ya wuce, sai ya daskare a jiki fari fat kamar gishiri. Ki ɗiga a faranti, ya ɗan huce, ki taɓa da yatsu biyu ki buɗe: in ya ja zare ɗaya siriri, ya yi. Ruwan tsamiya ko lemun tsami da ake zubawa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, tsamin ne yake hana sukari komawa ƙanƙara in ya huce. Alkaki da zafinsa ake tsoma shi, daga kasko a ɗan tsane mai sai cikin sukari mai ɗumi, ya jima kaɗan ya sha, a tsame a kwando. Mai hali ta sa zuma, amma ta san wajen wanda ta saya, don zumar kasuwa ba duka ce ƙudan zuma ya sani ba.

Nakiya ba ta da yawan matakai irin na alkaki, sai dai abokin gabanta ɗaya ne, danshi. Nakiyar kirki takan yi watanni ba ta canja ba, shi ya sa ake ajiye wa amarya, ake kuma yi wa mai jego. A gidanmu shinkafar tuwo ake wankewa, a tsane ta, a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe, sannan a soya garin a tukunya ba mai, ana juyawa ba tsayawa. Masu gaggawa suna saukewa da zarar ya yi zafi, sai nakiyar ta fito da gafin ɗanyen gari, ta kuma yi saurin lalacewa. Ki jira har ƙamshi ya tashi, garin ya yi wara-wara yana zuba daga ludayi kamar rairayi. Kuskure na biyu man shanu ne. Wanda kika saya wajen Fulani fari ne, ɗanye, akwai ruwa da nono a jikinsa. Sai an soya shi har ya daina ƙara, an tace, kafin ya shiga turmi. In ba haka ba bayan kwana kaɗan zai yi maƙaƙi, ya ja duk kwallar ya ɓata. Kanumfari kuma a yi masa hankali, yana da son mulki, in ya yi yawa ba a jin komai sai shi.

Bari in ɗan ratse a nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kayan masarufi suka tashi, na ga mata suna soya gara da man da ya riga ya yi baƙi, na suyar kifi ko na awara, wai don a cika bokiti goma kamar na 'yar wance. Ni dai a ganina bokiti uku masu kyau sun fi goma da za a ba almajirai su ma su yatsina fuska. Dangin miji suna mance adadi, amma ba sa mance alkakin da ya yi ƙarnin kifi.

Dubulan da cincin ba sai na tsaya dogon bayani ba. Yawan bekin hoda yana sa su shan mai da farfashewa, yawan ƙwai yana sa mai kumfa har ya malalo wuta. In dubulan yana warwarewa a kasko, ba ki danne bakin naɗin ba ne, ki shafa ɗan ruwa a wurin ki matse.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi bayan an gama komai lafiya. A da a kwalla ake zubawa a rufe da faifai, iska tana shiga. Yanzu bokitin roba ne mai murfi gam. In kika zuba kaya da sauran ɗumi kika rufe, gumi zai taru a murfin ya ɗiga ciki, ɗigon nan kuwa shi ne ɗan hakin da ka raina. A baza su a tire su kwana, a rufe da ƙyalle saboda ƙuda, a ɗora a kan abin da kiyashi ba zai hau ba. Bokitin ya bushe sarai, mai zubawa ma hannunta a bushe. Kada a haɗa cincin da alkaki a mazubi ɗaya, cincin zai ja danshin sukari ya yi laushi.

Gara dai za ta ƙare, abin da zai rage shi ne ranar da amarya za ta kama girki, kuma a ƙauye da tuwo da miyar kuka ake auna ta. Talge ne tushe. In bai dahu ba kika hau zuba gari, tuwon zai yi gafi, ya kuma saki ruwa kafin safe, ɗumame ya gagara. Gudaji kuma daga zuba gari da yawa lokaci ɗaya yake zuwa. Ki barbaɗa da hannu ɗaya, muciya tana aiki a ɗayan, in kin gama tuƙi ki rage wuta ki rufe ya sulala. A miya, daddawa ce take son lokaci. A daka ta da albasa da barkono, ta dahu sosai har warinta ya koma ƙamshi, kafin a yi zancen kuka. 'Yammatan yanzu suna rage daddawa su cika magi, sai miyar ta yi gishiri-gishiri ba ta da gindi. Kukar ma a duba, koriya shar ita ce wadda aka shanya a inuwa, wadda ta yi ja-ja rana ta cinye ta. A janye wuta, a riƙa barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi, kuma ba a barinta tana tafasa a rufe, yanzu ta yi baƙi ta tsinke.

Bayan bikin nan na koma wajen Goggo da gwangwanin madara da littafin makarantar ɗana. Na ce, “Goggo, so nake ki yi alkaki a gabana, duk abin da hannunki ya ɗebo in auna.” Ta yi dariya har da tari, ta ce, “Yau ga 'yar boko, girkin ma sai an rubuta?” Amma ta yarda. Duk abin da ta ɗebo sai in tare da kwano in juye a gwangwani kafin ya shiga kwaɓi. A kwano ɗaya na alkama, man da take murzawa ya kama gwangwani ɗaya da rabi, na rubuta. Nonon ma na rubuta, da sukari, da tsamiyar da take jiƙawa. Da muka zo kan kanwa na miƙa gwangwani, sai ta ture hannuna, ta gutsuri kwaɓin ta sa mini a baki, ta ce, “Ta Gujungu daban, ta Maigatari daban, wata ta fi wata ƙarfi. Ɗanɗana ki gaya mini, saura tsami ko ya mutu?”